Dalilin Da Ya Sa Ba Ma Cike Tsohon Bangon Dutse Da Siminti

Ɗana, jiya a wurin aiki ka tambaye ni abin da ya sa na hana ka cike tsagar tsohon bangon nan na dutse da siminti, alhali siminti ya fi kwaɓin farar ƙasa da yashi ƙarfi nesa ba kusa ba. To, ƙarfin nan nasa shi ne abin da nake gudu.

Bangon dutse wanda babu rodi a cikinsa, nauyinsa ne yake riƙe da shi. Dutsen giranit mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi yakan kai kilo 2,700, kuma yana jure danniya ƙwarai da gaske, amma idan aka ja shi ko aka nemi tanƙwara shi, abin da zai iya ɗauka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa magina na da suke kaurara bango, suke kuma yin baka a kan ƙofa mai faɗi, domin nauyi ya riƙa sauka ta hanyar danniya har zuwa harsashi. A tsohon birnin dutse na Zimbabuwe akwai katanga mai tsayin kusan mita 11 da aka jera ba tare da kwaɓi ko kaɗan ba, haka kuma ginin dutse na Sukur a Adamawa, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Saboda haka aikin kwaɓi a irin wannan gini shi ne ya zama shimfiɗa tsakanin dutse da dutse, ya raba nauyi daidai, ya kuma ba da kai idan bango ya ɗan motsa saboda zafin rana ko zaman ƙasa. Kwaɓin farar ƙasa yana da taushi, shi ne yake tsagewa ya bar dutsen lafiya, kuma sabunta shi aikin kwana kaɗan ne. Siminti ba ya ba da kai, don haka bakin dutsen ne yake karyewa, musamman idan dutsen mai laushi ne.

Babbar ɓarnar ma ta wajen ruwa take. Tsohon bango yana shan laima daga ƙasa da ruwan sama, yana kuma fitar da ita ta layukan kwaɓi. Idan ka toshe layukan da siminti, laimar za ta nemi hanya ta cikin dutsen kansa, ta bar gishiri a ƙarƙashin fuskarsa, gishirin ya bushe ya kumbura, sai ka ga fuskar tana marmashewa. Gidajen tsohon garin Zanzibar, waɗanda aka yi da dutsen murjani da farar ƙasa, sun sha wahalar irin wannan gyara. Ka kuma tuna cewa bangonmu fuska biyu ne da cikon tsakuwa a tsakiya, kuma idan ruwa ya wanke cikon, fuskar waje takan yi ciki ta rabu da ta ciki.

Na ji ka ce ko a ɗaure duwatsun da ƙarfe. An gwada haka a ginin Fatenon na birnin Atina ta ƙasar Girka a farkon ƙarni na 20, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya farfasa duwatsun, alhali maginan farko da darma suke lulluɓe nasu ƙarfen.

Gobe za ka ƙwaƙule mataccen kwaɓin da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, ka jiƙa wurin, sannan ka cusa sabon kwaɓin kaɗan-kaɗan. Farar ƙasa a hankali take kamawa ta hanyar shan iska, don haka ka rufe aikin da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki, kada iskar hunturun nan ta busar da shi tun bai kama ba.