Mabul ko giranit a matakala da kicin

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji muryarka, kana tambaya mabul za ka sa ko giranit a matakalar ƙofar gida da kantar kicin. Ni na san abin da kake nufi, wanne ne zai daɗe bai ba ka kunya ba. Giranit. Ba sai mun ja ba.

Mabul akwai kyau a ido, amma laushi gare shi, ƙusa ma tana karce shi, kuma ba ya shiri da tsami ko kaɗan. Akwai wani bawan Allah da na yi wa aiki shekarun baya, na ce masa kada ya sa a kicin, ya ƙi, ya ce shi na Jakura yake so, can jihar Kogi. To na yanka, na goge, na ɗora. Ba a yi wata biyu ba uwargida ta yanka lemun tsami a kai, ruwan ya kwana, wurin ya dusashe kamar an shafa toka. Ya kira ni wai gugata ce ba ta yi ba. Gugata! Ni da na bi shi da faifan guga tun daga mai kaushi lamba 50, 100, 200, har mai laushi lamba 3000, ina zuba ruwa, sai da na ga fuskata a ciki. Wallahi har yau cikon kuɗina yana hannunsa, kuma abin yana min ciwo.

A ina ma na tsaya... yauwa, matakala. Ka nemi giranit mai kaurin santimita 3, kar ka karɓi mai 2. A'a, bari in gyara, mai 2 ma yana yi in siminti ya cika ƙarƙashinsa ba rami, bakin da ya leƙo waje ne ke karyewa. Kuma kada a goge ta waje ta yi santsi, da damina tsoho zai zame. A bar ta da kaushi, ko a tsaga layi biyu zuwa uku a bakinta da giranda.

Sannan don Allah, duk wanda zai yanka maka, ya riƙa zuba ruwa a faifan girandar don ƙura ta kwanta. Ƙurar nan in ta shiga huhu ba ta fita. Na ga yara a wurin fasa dutse na Mpape a Abuja sun yi butu-butu har gira, ko takunkumi babu. Ruwan ma yana sa faifan ya daɗe.

Ka turo min awon matakalar anjima in lissafa maka.