Kyamara mai ido biyu

Ka tambaye ni me ya sa tsohuwar kyamarar nan da ke ajiye a kan kanta take da ido biyu, kuma me ya hana ni sayar da ita. Jawo kujera, yarona.

Sunanta Rolleiflex. Kamfanin Franke & Heidecke na garin Braunschweig a Jamus ne ya fito da ita a 1929. Idon sama na kallo ne, na ƙasa ke ɗaukar hoto. Bayan na saman akwai madubi a karkace, shi ke tura hoton zuwa gilashin da ke bisa kanta, shi ya sa ake riƙe ta daidai ciki a sunkuya. Abin da ke dama sai ka gan shi a hagu, sai hannu ya saba.

Sunkuyawar nan nake ƙauna. In ka manna kyamara a fuska ka nufi dattijo da ita, sai ya sandare. Da wannan kuwa fuskarka a buɗe take, kana ɗagowa kuna gaisawa har ya saki jiki, ka latsa, ƙararta ko kusa ba ta firgita mutum. Madubin kuma ba ya motsi, don haka idan ya ƙifta ido a daidai lokacin, ka gani. Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako, ya yi aiki da irinta a shagonsa, je ka duba yadda mutanensa ke tsayawa.

Fim ɗinta mai lamba 120 ne, hoto 12 kacal, kowanne santimita 6 tsawo da faɗi, ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 fiye da sau uku. Ka wanke shi babba, za ka iya ƙirga zaren aikin wuyan babbar riga. Amma 12 ɗin nan kuɗi ne, dole ka gyara hula da haske kafin ka taɓa maɓalli.

'Yan jarida sun fara barinta bayan fitowar kyamarar Nikon F a 1959, mai hoto 36 da idon da ake sauyawa.

Gobe za ka sa mata fim da kanka. Bakin takardar da aka naɗe fim ɗin da ita sai ya bi ta tsakanin 'yan sandunan nan biyu masu juyawa, su ke gane inda fim ya fara, dabarar da suka ƙara tun 1937. In ka tsallake su, sai ka yi ta murɗa hannun har fim ya ƙare lambar ƙirga hotuna ba ta motsa ba.