Tambaya da Amsa: Su waye 'yan santsi, su waye 'yan taɓo?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Kakana in ana hirar siyasa sai ya ce wai shi ɗan taɓo ne har gobe, maƙocinmu kuma ɗan santsi, su yi ta tsokanar juna. Me kalmomin nan suke nufi, a ina suka samo asali? Daga wata ɗaliba, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Ai kakanki tsohon ɗan PRP ne kenan, jam'iyyar Malam Aminu Kano mai alamar makulli. A zaɓen 1979 ta ci gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, to ba a jima ba sai gwamnonin nan suka fara zuwa mitin da gwamnonin wasu jam'iyyu, UPN ta Awolowo da GNPP ta Waziri Ibrahim, uwar jam'iyya ta ce su daina suka ƙi, a 1980 dai gida ya tsage biyu. Masu bin gwamnoni su ne 'yan santsi, tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu ne shugaban ɓangarensu. Waɗanda suka tsaya da Malam kuma 'yan taɓo.

Santsi dai kin san shi, irin in an yi ruwa ki taka wuri ƙafa ta zame. Yadda dattawa ke ba da labari, mutanen Malam ne suka ce santsi ya kwashi su Rimi sun zame daga hanya, su kuma suka rama da cewa ai ku a taɓo kuka kafe, ba gaba ba baya. Abin da ya fi burge ni shi ne zagi ne fa dukkansu, amma kowa ya ɗauki nasa ya mai da shi kirari. Ɗan taɓo ya ce eh na kafe, ba na sai da aƙida, ɗan santsi ya ce to zo ka kama ni in za ka iya.

Ki kula da rubutu, taɓo ne mai ƙugiya wato laka, ba tabo na ciwo ba, masu rubutu a waya ne suke cakuɗa su. Haka santsi daban santi daban, santi sai an ci girki mai daɗi.

Ƙarshen rigimar bai yi wa kowa daɗi ba gaskiya. An tsige Balarabe a 1981, Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma jam'iyyar NPP ta Azikiwe ya yi takarar gwamna, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, Disamba na ƙarewa soja suka kwashe kowa. Ki gaida min kakan naki, ki tambaye shi wa ya zaɓa a 83, ki tanadi tabarma don hirar ba za ta ƙare da wuri ba.