Wa ke da alhaki idan maganin feshi ya cutar da ɗan ƙwadago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ke kula da gonar wani kamfani mai noman shinkafa da masara a yankin Dadin Kowa, jihar Gombe. A daminar bana wani ɗan ƙwadagonmu ya yanke jiki ya faɗi bayan ya yini yana feshi ba takunkumi ba safar hannu, kuma har yau numfashinsa bai daidaita ba. Masu kamfanin sun ce gargaɗi na rubuce a jikin kwalbar maganin, an kuma biya shi haƙƙin aikinsa, saboda haka babu komai a kansu. Shin haka ne a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, maganar masu kamfanin ba ta inganta ba, domin kuɗin da suka biya na aikinsa ne, ba na lafiyarsa ba. Tushen wannan babi shi ne hadisin da Imam Malik ya ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Malaman fiƙihu kuma sun tabbatar cewa wanda ya zama sanadin ɓarna ta hanyar sakaci yana lamuncewa, wato biyan ɓarnar yana kansa, ko da ba da hannunsa ya aikata ba.

Abin dubawa shi ne ko kamfanin ya yi sakaci, kuma bayaninka ya nuna ya yi. Yawancin magungunan ƙwari suna shiga jiki ta fata da numfashi, ba sai an sha ba, kuma zafin rana da gumi suna ƙara saurin shigarsu, shi ya sa mai feshi kan fara da jiri da amai da dalalar miyau kafin ƙirji ya toshe. Kamfanin da ke sayen irin wannan magani jarka-jarka ya san haka, ko kuwa wajibi ne ya sani, alhali ɗan ƙwadagon da ya zo neman na cefane bai sani ba. Gargaɗin da aka rubuta da Turanci, ga mutumin da ba ya karanta Turanci, bai cika bayani ba. Bayani a shari'a shi ne wanda ya isa ga fahimtar wanda ake yi wa, da harshen da yake ji. A hadisin Abu Zarri da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya kira waɗanda ke ƙarƙashinmu 'yan'uwanmu, ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne a gare mu, tun da a 2008 an kwantar da ɗalibai mata fiye da 100 na wata makaranta a jihar Gombe bayan sun ci waken da aka adana da magani, a 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan gubar fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Don haka dokokin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kan waɗannan magungunan ƙwari suna cikin umarnin hukuma da ya wajaba a bi, kuma dilan da ke tsiyaya magani a gorar ruwa marar takarda, ko yake sayar da wanda aka haramta, ya yi algus, yana kuma da rabonsa na lamuni.

Hukuncin shi ne, kuɗin jinyar wannan bawan Allah yana kan dukiyar kamfanin, kuma idan likita ya tabbatar da nakasa mai ɗorewa, alƙali ne zai ƙayyade diyyarta, sai dai in sun yi sulhu da yardarsa ba tare da matsi ba. Zunubi kuwa ba ya hawa sunan kamfani, yana hawa kan mutanen da suka yanke shawarar a yi tsimin kuɗin kayan kariya. Da a ce an ba shi takunkumi da safa da takalmin roba, aka koya masa, sannan ya ajiye su da gangan, da lamunin ya sauka daga kansu.

Kai ma, ɗan'uwa, amana ce a hannunka. Ka sanar da su wannan a rubuce, kada ka sake tura kowa feshi ba kariya, ko kuma da tsakar rana, kuma idan wani ya faɗi kada a tsaya ɗura masa madara ko manja kamar yadda aka saba, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin. Allah ne mafi sani.