Wane Suna Ya Dace da Agogon da Ke Nuna Bisan Jirgi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya. Agogon nan da ake kira altimita, wasu na ce masa "ma'aunin tsayi", wasu "ma'aunin nisa", suna kafa hujja da karin maganar "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Ɗana, duka biyun ba su kwanta mini a rai ba. Tsayi na abin da ke tsaye ne da gindinsa a ƙasa, kamar giginya ko hasumiya, jirgi kuwa ba ya taɓa ƙasa. Nisan da ke cikin karin maganar bai ware sama da gaba ba, manufarsa dai duk inda abu ya kai sai ya komo asalinsa. A bakin matuƙi zai iya rikicewa da nisan da ya rage a isa filin sauka. Kalmar da ta dace ita ce "bisa", kamar yadda ake cewa shaho ya yi bisa. Don haka na fi son "ma'aunin bisa".

Sai dai bisa daga ina? Wannan agogo nauyin iska yake aunawa. A cikinsa akwai 'yan faya-fayen ƙarfe masu laushi, an zuƙe iskar cikinsu an liƙe. Wata 'yar kafa a gefen jirgi ke shigo da iskar waje ta bututu. Jirgi na ƙara sama nauyin iska na raguwa, kusan miliba 1 (ma'aunin nauyin iska ke nan) a kowace ƙafa 30, sai faya-fayen su kumbura su tura allura. Abin da allurar ke nunawa bisa ne daga fuskar teku. Shi ya sa jirgin da ke fake a filin Malam Aminu Kano zai nuna ƙafa 1,560 da ɗan ɗoriya, alhali tayoyinsa na kan kwalta.

Nauyin iska kuma yakan sauya da yanayi. Kafin tashi ko sauka, hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage kan faɗa wa matuƙi nauyin iska na wannan lokacin, ya murɗa ɗan maɓalli ya saita. Idan jirage sun yi sama sosai, kowa na komawa miliba 1013 domin awonsu ya zo ɗaya. Kuskuren miliba 10 ya kai ƙafa 300 ko kusa da haka. Mafi haɗari shi ne a baro wurin da iska ke da nauyi a shiga inda ta yi sauƙi ba a sake saiti ba, domin agogon zai nuna bisan da jirgi bai kai ba. Idan kafar nan ta gefen jirgi ta toshe kuwa, allura sai ta daskare ko ta yi ƙarya. A 1996 jirgin Aeroperú ya faɗa teku kusa da birnin Lima na ƙasar Peru, mutum 70 suka rasu, saboda an manta da salatif ɗin da aka manna a kan kafofin lokacin wanke jirgin.

Akwai agogo na biyu mai aiki da rediyo, wanda ke aika saƙo ƙasa ya lissafa lokacin dawowarsa. Shi ne ke faɗin ainihin ratar da ke tsakanin ƙarƙashin jirgi da ƙasa, kuma amfaninsa daga ƙafa 2,500 ne zuwa ƙasa. Wannan sai a kira shi "ma'aunin tazara", kada a haɗa su a suna ɗaya.