Eriyar mota mai tashi da kanta: wace waya ke zuwa ina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tsohuwar Mercedes 190 gare ni, eriyarta ta mutu, na sayi sabuwa irin wadda ake cewa tana shiga kowace mota. Wayoyi uku ne da ita, ja da baƙa da shuɗiya, ban da igiyar da ke shiga bayan rediyo. Yaron garaji ya haɗa, tana tashi lafiya, amma in na kashe mota sai ta tsaya a miƙe, ba ta komawa. Daga unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Eriyarka lafiyarta lau, jar wayar ce aka ba wutar da ba tata ba.

A cikin irin wannan eriya akwai ƙaramin inji da rele, wato maɓallin da wuta ke kunnawa da kanta. Jar waya ita ke ciyar da injin, kuma wutar batir take so kai tsaye, wadda ba ta yankewa ko an zare makulli. Baƙar waya mas ce, jikin mota take zuwa. Shuɗiyar kuwa ƴar aike ce kawai: in rediyo ya turo mata volt 12 eriya ta tashi, in wutar ta ɗauke eriya ta sauka. To saukar ma aiki ne, da wuta inji ke yin sa. Idan an ɗauko jar wayar daga kontak, wato wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli, lokacin da umarnin sauka ya zo ita ma wutar cin ta ɗauke tare da shi, sai sanda ta tsaya inda take.

Abin da ke ruɗa yara shi ne launi. A bayan rediyon zamani jar waya ta kontak ce, ruwan ɗorawa ita ce ta batir. Wanda ya haɗa ja da ja ya ga kamar ya yi daidai, alhali jar eriya abokiyar ruwan ɗorawar rediyo ce.

A 190 ɗinka ba sai an ja sabuwar waya ba, domin tsohon soket ɗin yana nan cikin kofur, gefen da eriyar take. A sa mitar awon wuta a kan DC 20, a ɗora baƙin tsinkenta kan ƙarfen mota marar fenti, a zare makulli, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta nuna wajen volt 12.4 zuwa 12.6 ita ce ta batir. Wadda ba ta nuna komai sai an kunna rediyo, ita ce ta umarni. Mas a motocin Jamus ruwan ƙasa ce, ba baƙa ba. A Toyota kuma fara ce mai ratsin baƙi. Sauran wayoyin da suka rage a naɗe bakin kowace daban a ajiye. Su ma sababbin eriyoyin ba launi ɗaya suke bi ba, wasu koriya ce wayar umarninsu, saboda haka a duba takardar cikin kwali kafin a yanka komai.

In tsohuwar wayar batir ta ruɓe, a cire kan batir na mas tukuna, sannan a ja sabuwa mai kaurin 1.5 mm², da fizibil na amper 5 dab da batir, kar ya wuce taƙi guda. Fizibil, wanda ke katsewa in wuta ta yi yawa, wayar yake karewa. In aka kai shi can kusa da eriya, duk tsawon wayar da ke bin ƙarƙashin kafet ba ta da kariya, ranar da ta goge a bakin ƙarfe sai hayaƙi. Inda za ta ratsa ƙarfe a bi ta ramin da ke da roba. Mahaɗa kuma a yi musu dalma ko a matse su da kan waya. Murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure zafin Afrilu da Mayu a Maradi, gam ɗin narkewa yake.

Tambaya: Malam, tawa wayoyi biyu ne kawai. Na sa ɗaya a mas, ɗaya a shuɗiyar wayar rediyo, ta ɗan motsa ta tsaya, daga nan shiru. Peugeot 504 ce, daga Tasawa.

Amsa: Malam, wannan wata iri ce daban, ba ta da rele a ciki. Wayoyin biyu kai tsaye suke shiga inji: a ba su wuta ta tashi, a juya musu wutar ta sauka. Shuɗiyar wayar rediyo kuwa abin da take iya bayarwa bai wuce amper 0.1 zuwa 0.3 ba, injin kuma amper biyu ko uku yake ja, fiye ma in sanda ta cije. Ina jin ka ƙona ɓangaren da ke fitar da wutar a cikin rediyon. Auna shuɗiyar da rediyo a kunne. In babu volt 12, ta tafi, amma sauran rediyon zai ci gaba da aiki.

Abin da eriyarka ke buƙata maɓalli ne mai ƙafa shida, irin wanda ke komawa tsakiya da kansa in an saki. Ƙafafun tsakiya biyu zuwa eriya. Na sama biyu, ɗaya wuta mai fizibil, ɗaya mas. Na ƙasa biyu a haɗa su da na sama a gicciye. In ka danna sama ta sauka, musanya wayoyin eriyar biyu. Da ka ji ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas, saki.

Tambaya: Da na koma waƙoƙin USB ko Bluetooth sai eriya ta sauka. Matsala ce?

Amsa: A'a, haka aka yi ta. Shuɗiya zalla, mai rubutun ANT, a yawancin rediyoyi sai ana kan tasha take ba da wuta. Shuɗiya mai ratsin fari, ta amfilifaya, ita ce ke da wuta muddin rediyo na kunne. Kana iya komawa kanta, amma ban ga ribar ba: sanda a waje tana shan ƙura a banza.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina jin injin yana juyawa amma sandar ba ta fita. Tun kafin haka ma, da na wuce Tibiri tashoshin Maradi sai shuuu. Daga Sabon Gari.

Amsa: Matsala biyu ce, Alhaji, kuma ba wadda ke buƙatar sabon inji.

Sandar tana da wutsiyar roba fara mai haƙora, ita inji ke turawa yana naɗewa. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin sanda, sanda ta cije, inji ya ci gaba da turi har haƙoran su cinye ko wutsiyar ta katse. Sandar kaɗai ake sakewa. A kwance goron da ke saman, a kunna rediyo, a zaro tsohuwar ana lura da ɓangaren da haƙoranta ke kallo. A gwada tsawonta da sabuwa. In ta gaza, guntun yana cikin gangar inji, dole a buɗe a fitar da shi, in ba haka ba sabuwar ba za ta shige duka ba. Sai a zura wutsiyar sabuwar, wani ya kashe rediyo, inji zai ja ta da kansa. Kar a shafa mata giris ko baƙin mai, ƙura suke tarawa. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. A duba kuma ƙaramin tiyon da ke gindin inji, wanda ke zubar da ruwan da ya biyo sanda; in ya toshe, ruwan Agusta a ciki zai kwana.

Raunin kamu kuwa, fara da gindin eriya. Ƙarfenta na buƙatar cizon ƙarfen mota ta ƙarƙashi, domin jikin motar rabin eriya ne. A kankare tsatsa da fenti a wurin, a ɗaure tam. Sannan a tabbata sandar tana fita duka: tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108 MHz, tsawon da ya dace da su wajen santimita 75 ne, sandar da ta tsaya a rabi kuwa kamunta ya ragu. In duk wannan daidai ne, zaro igiyar eriya daga bayan rediyo ka auna tsakanin tsinken tsakiya da ƙarfen da ya kewaye shi. In mita ta nuna suna haɗe, igiyar ta matse a wani wuri, sai a sake ta gaba ɗaya, ba a yi mata faci.