Kada ka buɗe akwatin nan kai kaɗai

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan La'asar. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ka ce ka ji ƙishin-ƙishin cewa ya bar wasiyya a rubuce, kana tambaya ko abin kunya ne a buɗe akwatinsa tun ba a yi arba'in ba, ko kuma ka kai wayarsa wurin masu gyara su buɗe maka. Maganar arba'in ta sa ni murmushi, don ban san inda kuka samo ta ba. Maganar wayar kuwa ta hana ni barci, saboda ka ce "in kai", ba ka ce "mu kai" ba.

Kakanka, babanmu ni da mahaifiyarka, ya rasu a 1973, shekarar fari, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Ina da shekara goma sha bakwai, mahaifiyarka ko aure ba ta yi ba. Fatauci yake yi tsakanin Katsina da Maraɗi ta hanyar Jibiya. Muka kai shi maƙabartar Ɗan Marna, muka dawo zaman makoki, kuma duk kwanakin nan ɗakinsa a rufe, makullin adakarsa ɗaure a bakin zanen uwargida. Washegarin sadakar bakwai liman ya zo da mai unguwa da wani dattijo abokin fataucinsa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, mu maza muka zauna, mata suna bayan ƙofa suna ji. Uwargida na takaba, sai ta aiko da makullin. Har yau ina jin ƙamshin turaren da ya fito sa'ad da aka ɗaga murfin. Riguna, rawuna biyu, sai gafaka a can ƙasa. Cikinta takarda ce ɗaya da ajami, an ninke ta huɗu, tawadar ta fara komawa ja.

Liman ya karanta a bayyane, sannu a hankali. Mun zaci rabon gonaki za mu ji, ashe mafi yawanta bashi ne: wane yana bina kaza, ina bin wane kaza. Sai amanar wani Buzu, tsofaffin fam a ƙunshe cikin tsumma, wadda sai da aka yi wata biyu ana cigiya kafin a sami mai ita. Sai gona ɗaya da ya ba almajirin da ya tashi a gidanmu. Yayanmu ya motsa zai yi magana, liman ya ɗaga mashi hannu, ya ce a ƙiyasta dukiyar tukuna, in gonar ba ta wuce sulusi ba, ta yaron ce. Da aka ƙiyasta, ba ta wuce ba.

Layin ƙarshe sunana ne. Ya bar mani ɗakin da ke jikin zaure, don ni ke yi mashi hidima a jinyarsa. Liman ya dube ni, ya ce ba wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun yarda. Wasu suka yarda, wasu suka yi shiru, ɗakin ya koma cikin gado. Na yi kuka a daren nan, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban taɓa zargin kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa zargina, saboda a gaban idonmu duka aka warware takardar. Abokin babanmu ya ce mani a ranar: "Takardar da mutum ɗaya ya tsinta, ko gaskiya ce, rantsuwa za ta ci." Shi kakan naka kuma ya kan ce gado ba ya ruɓewa, bashi ne ke hana mamaci kwanciya.

Don haka jiran arba'in ba addini ba ne. Bayan hidimar jana'iza bashi ake fara biya, sannan wasiyya, sannan gado, kuma hadisi ya nuna ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. Kunyar da ake ji ta kada a ce ido na kan dukiya ce, maganinta kuwa shaidu.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, komai naku a ɓoye yake cikin waya, ba mai sani sai mai ita. A da wasiyya a bakin mutane take kafin takarda. Ka tambayi limamin masallacin da yake salla? Ka tambayi amininsa? Mahaifiyarka fa, da abokiyar zamanta? In lauya ne ya rubuta mashi, akwai kwafi a hannun lauyan, ko an ajiye a rajistar babbar kotun jiha. Can ne kuma ake neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda banki ke tambaya kafin ya saki kuɗi. Na ji an ce sunanka ya rubuta a banki a matsayin makusanci. Wannan bai mai da kuɗin naka ba, na magada ne, kotun Shari'a ko malamin da kuka aminta da shi zai raba.

Wayar kuwa, ka kashe ta ka miƙa wa mahaifiyarka ta ajiye tare da makullin. Ranar Juma'a bayan an sauko zan shigo. Ka gaya wa ƙannenka na ɗaya ɗakin su zo, har da matan, ka kuma roƙi liman ya tsaya mana.